Layi Na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Rafin Daɗi,
an kawo wuta, fanka ta farka da tari.
Na jawo akwatin da Kasimu ya sayo gwanjo,
ɗan ƙarfe mai baki huɗu,
kowane baki na jiran wayarsa.

Aikinsa gadi.
Zai tsuguna tsakanin asibitinmu da duniya
yadda ganuwa ta taɓa tsayawa tsakanin birni da daji,
ya tare kowane saƙo: daga ina? wurin wa?
Wanda ya yi inda-inda ya koma inda ya fito.

Manhajar da zan ɗura masa ba ta da ubangida.
Rijiya ce a bakin hanya,
wasu suka haƙa, wasu suka ɗaure baki,
kowa ya zo da gugarsa, ba mai cewa kawo kuɗi.
Kundinta ya ce, a layi na goma sha bakwai,
wannan akwati yana aiki lafiya lau.

Bai yi ba.
Baki biyu sun amsa sallama, biyu sun yi gum.
Na sauya waya, na hure rami, na kashe, na kunna,
har shayin da Barira ta ajiye mini ya huce,
tururuwa ta kewaye kofin.

Sai na bi sawu in ga wa ya rubuta layin.
Sallau Mani, shekara tara baya.
Malam Sallau!
Shi ya riƙe yatsuna ranar da na fara ɗaure waya,
yana jera launi kamar mai jan carbi:
fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi,
in ka juya ɗaya, yanke, sake.
Bara da damina muka kai shi makwancinsa,
laka ta riƙe mini takalmi ɗaya.

Ni zan ce ya yi ƙarya?

Na kwance kusoshi, na haska fitilar waya.
Ga gaskiyar can a kwance, ba ta kai farce ba:
masu ƙira sun sauya ɗan guntun da ke ciki,
suka bar suna, suka bar fenti, suka bar farashi.
Tulu ɗaya, ruwa daban.
Malam ya faɗi abin da idonsa ya gani,
bayan ya juya baya kasuwa ta sake lale.

Hannuna ya daɗe a kan maɓallin gogewa.
Ban taɓa ba.
Na bar maganarsa inda ya dasa ta,
na ɗora mata kalma biyu: ƙirar farko.
A ƙasa na rubuta tawa:
ƙira ta biyu, mai ɗigon ja a gindi,
baki biyu kacal ke aiki,
sauran na jiran mai haɗa musu direba.
An gwada a Katsina, sau shida, da waya uku.

Na tura.
Wata da ban san fuskarta ba,
a ƙasar da yanzu rana ke tsaka,
ta amso kafin in gama hamma:
na karɓa, amma cire waƙafi ɗaya.
Na cire.

Ba za a yi mini kirari ba.
Wataƙila dai wata rana, a wani shago mai nisa,
wani zai juya akwati, ya ga ɗigon ja,
ya mayar da kuɗinsa aljihu,
bai san wa ya hana shi asara ba.

Ladan ya gyara murya.
Fitila biyu na ƙifta kore, biyu na barci.
Gobe zan faɗa wa Kasimu, zai ce ai araha ce.
Na zubar da shayin, na ɗauki buta.